Wa Ya Ce Hajiya Tabawa Ta Yi Azumi?

A unguwar Ƙofar Dumi, duk wanda ya je asibiti aka tambaye shi lambar waya, ba ya wahalar da kansa da dogon tunani. Lambar Malam Badruddeen yake bayarwa. Haka aka saba tun farkon shigowar waya gari. Malam ya yi shekaru yana koyar da Larabci da fiƙihu kafin ya ajiye aiki, yana karanta boko kamar yadda yake karanta ajami, ba ya sauya layi, kuma abin da ya shiga kunnensa game da wani ba ya fita ta bakinsa. Tsofaffin da ba su da waya, da matan da wayarsu ke yawo a aljihun 'ya'yansu, da maƙeran da ƙarar guduma ba ta barin su su ji kira, duk da shi suka dogara a wannan sha'ani. Shi kuma ya ɗauki abin haƙƙi ne na maƙwabtaka, yana fatan Allah Ya sa a mizani.

Yawancinsu wani ƙaramin asibiti suke zuwa can Gwallameji, duk da cewa sai an hau keke an ratsa gari. Abin da ke jan su shi ne likitar wurin, Dakta Christabel, mutuniyar Bogoro, wadda Allah Ya hore wa haƙurin sauraron tsofaffi. Asibitin yana da kwamitin sa ido na mutanen gari, ba a shigo da sabon abu a kan marasa lafiya sai da amincewarsa, kuma Malam yana cikinsa. A bara ne aka kawo wa kwamitin batun wata na'ura mai ƙirƙirarriyar basira, wadda ke duba sakamakon gwaji, ta tuna wa mutum lokacin shan magani, ta kuma aika masa da saƙon murya da Hausa. Aka yarda a gwada ta. Malam ma ya ɗaga hannu, domin ya sha ganin likita ɗaya tana fama da layin da ke kaiwa har bakin titi.

Tun daga nan wayarsa ta zama tashar saƙonni. Wata rana yana shirin fita masallaci, murya ta ce masa ya guji ɗaukar kaya masu nauyi tunda cikin ya shiga wata na bakwai. Ya yi murmushi ya ce, "Allah Ya sauke lafiya," ya aiki maiɗakinsa ta isar da saƙon gidan da ya dace. Ya san mutanensa, ya san ciwon kowa, saboda haka yakan rarraba saƙonnin kamar naman layya, kowa da kasonsa. Bai taɓa kawo wa ransa cewa akwai wata illa a ciki ba.

A ƙarshen Sha'aban, ana ta lissafin ko watan zai cika ko ba zai cika ba, Malam yana zaune da hantsi a tsakar gida yana sake wa carbinsa zare, wayar tana gefe a kan buzu. Kusa da shi yayarsa ce, Hajiya Tabawa, tana tsince wake a faifai. Tun rasuwar mijinta ta dawo gidansa da zama. Ta daɗe da ciwon suga, kullum sai ta yi wa kanta allura, ƙodarta kuma ta fara gajiya. A azumin bara waccan ta yanke jiki ta faɗi kafin la'asar, aka ɗauke ta ranga-ranga zuwa Gwallameji, da ƙyar ta farfaɗo. Daga nan likita ta hana ta azumi. Bara ciyarwa ta yi, kuma duk lokacin da aka kira magariba sai ta shige ɗaki don kada a ga idonta.

Wayar ta yi ƙara. Hannun Malam yana riƙe da zare, sai ya danna ta da ɗan yatsa, murya ta fito a fili:

"Barka da hantsi. An duba sakamakon gwajin mai wannan lamba. Suga daidai yake, jini bai hau ba, ƙoda lafiya lau. Babu abin da zai hana yin azumi a bana. Allah Ya karɓi ibada."

Faifan da ke hannun Hajiya ya tsaya cak.

"Badaru, sake kunna shi." Duk faɗin Bauchi ita kaɗai ta rage mai kiransa da wannan suna.

"Yaya, wannan ba naki ba ne."

"Sake kunnawa, na ce."

Ya sake. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ɗaga hannuwa sama. "Alhamdu lillahi! Allah mai ji ne. Addu'ar da na yi a Makka ce ta fito."

"Yaya, ki dakata. Ranar da kika je gwaji, ai keke ɗaya kuka hau da Ɗanlarai maƙeri, lokacin da ƙarfe ya ƙona shi a hannu. Shi ma an ɗebi jininsa, shi ma lambata ya bayar. Ina zaton saƙon nasa ne."

"An ambaci sunansa?"

"Ba a ambata ba."

"An ce ban da Tabawa?"

"Ba a ce ba."

"Zato ke nan. Ba kai ne kake tara ɗalibai a zaure kana gaya musu ba a gina hukunci a kan zato ba? Yau da abu ya zo kaina, zato ya zama hujja?"

Ta ajiye faifan, ta ci gaba.

"Kuma ba kai ne ka dawo daga taronku kana yabon na'urar nan ba, wai tana ganin abin da idon likita yake tsallakewa? To ga shi ta gani. Ta ga na warke."

"Ciwon suga ba ya tafiya haka, Yaya."

"Wanda Ya saukar da shi ba Ya iya ɗauke shi?"

"Yana iyawa, tsarki ya tabbata a gare Shi. Sai dai..."

"To shi ke nan. Ni na goya ka, Badaru. Na san fuskarka in kana gardama don kawai kada a ce an kayar da kai."

Ta miƙe da wani ƙarfi wanda rabon da a ga irinsa a jikinta an daɗe, ta shiga ƙwala wa matar gidan kira, a jiƙa gero, a sayo dabino, bana da ita za a yi sahur.

Malam ya daɗe zaune da carbin a hannu. Hukuncin ba ɓoyayye ba ne a wurinsa. Ya karantar da shi ba sau ɗaya ba: wanda azumi zai kai shi ga halaka, barinsa wajibi ne a kansa, domin Wanda Ya farlanta azumin Shi ne Ya yi wa marar lafiya rangwame. Amma duk littattafan da ya sauke, babu wanda ya zo da babin yadda ƙane zai tanƙwara yayarsa. Ya tuna nauyinta a kan cinyarsa cikin keke a waccan la'asar, da sanyin da hannunta ya yi. Ya ajiye carbin bai gama ba, ya sa takalmi.

Maƙerar Ɗanlarai tana lungu na gaba. Malam ya same shi yana dukan ruwan fartanya, gumi yana bin wuyansa.

"Allah Ya gafarta Malam! Da kanka?"

"Ɗanlarai, an gaya maka sakamakon gwajinka?"

"Ai kai nake jira, Malam. Amma ko ba a gaya mini ba," ya bugi ƙirjinsa da tafin hannu, "ka ga inda suga zai samu wurin zama a nan?"

Malam ya kwashe labari ya gaya masa, ya roƙe shi ya zo ya shaida wa Hajiya cewa saƙon da shi ya fi kama. Ɗanlarai ya ajiye guduma ya sosa ƙeya.

"Allah Ya gafarta Malam, an riga ka. Hajiya ta leƙo ta ƙofar baya ɗazu. Ta ce in na kuskura na ce saƙon nan nawa ne, in nemi wata hanyar zuwa masallaci, ban da ta ƙofar gidanku."

"Kai kuma ka ce me?"

"Na ce ni ban ji saƙo ba, ban ga saƙo ba. Malam, ƙarfe nake iya lanƙwasawa. Hajiya ta fi ƙarfina."

Bayan azahar ya samu Dakta Christabel a waya. Ta saurare shi, ta ce, "Baba, bari in duba." Ya ji tana danne-danne, sannan ta dawo kan layi.

"Baba, saƙon nan ban gan shi ba kafin ya fita. Kuma ga abin da ya fi tayar mini da hankali: na'urar ta ɗauki lambarka mutum ɗaya ne. Duk wanda ya ba da ita, sakamakonsa wuri guda take zubawa. Na san wannan ba zai zama na Mama ba, amma sai na shiga ɗakin gwaji na rarrabe. Ba ni ita a waya."

Ya kai wa Hajiya wayar. Ta gaisa da likita cikin fara'a, ta tambayi aiki, ta tambayi mutanen Bogoro, ta saurara tana gyaɗa kai, ta ce, "To, likita, na ji. Allah Ya yi albarka." Ta miƙo masa abarsa.

"Kin ji ta ce kada ki yi."

"Na ji. Da hantsi murya ta fito daga wayar nan ta ce asibiti ya ce in yi. Yanzu murya ta fito daga wayar nan ta ce asibiti ya ce kada in yi. Baki biyu ne da asibitin? Ni ta farko na riƙe, ita ta riga sallama."

"To ki shirya mu je a sake gwajin."

"Jinina ba ruwan rijiya ba ne da za a yi ta ɗiba."

Da ya koma zaure ya gaya wa likita yadda aka yi, ta yi ajiyar zuciya ta ce lalle a kira kwamiti gobe da safe, domin ba ta san ko gida nawa irin wannan saƙo ya shiga ba.

Aka taru a wani ɗaki da ke bayan wurin ba da magani. Shugaban kwamitin, Mista Toma, tsohon mai haɗa magunguna ne, dattijon coci, mutum mai son a yi abu a kan ƙa'ida ko a bar shi. An kuma gayyato Kayode, injiniyan kamfanin da ya kawo na'urar, ɗan Ilori wanda hidimar ƙasa ta kawo Bauchi ya zauna, Hausarsa ta kasuwa ce amma tana kai shi inda yake so. Ya buɗe kwamfuta, ya dubi Malam, yana ƙoƙarin danne dariya.

"Baba, ka yi haƙuri, ga yadda na'ura ya san ka. Namiji ne, ya wuce shekara saba'in. Yana da suga, kuma ba shi da suga. Ƙarfe ya ƙona shi a hannu. An yi masa rigakafin ƙyanda kwanan nan. Ya haihu sau biyu, yanzu ma yana da ciki."

Ɗakin ya kaure da dariya, har Mista Toma sai da ya cire tabarau ya goge ido.

"To ku taya ni da addu'a," in ji Malam. "Haihuwa a waɗannan shekaru ba wasa ba ce."

Da aka lafa, Kayode ya ce, "Mu da muka gina shi, mun ɗauka kowa da lambarsa. Inda muka gwada shi haka ne. Ba wanda ya gaya mini unguwa ɗaya suna da waya ɗaya."

"Ni ma ba wanda ya gaya mini cewa a wurinta lamba ita ce sunan mutum," in ji Malam. "Da na sani da na faɗa tun ranar farko."

Mista Toma ya mayar da tabaransa. "Dariya ta ƙare. Tsohuwa tana gida tana shirin sahur. In aka ga wata yau, gobe ta tashi da azumi, ta faɗi, Allah Ya kiyaye, wa za mu kama?"

"A yarjejeniya an rubuta shawara kawai yake bayarwa," in ji Kayode. "Hukunci na likita ne."

"Hukuncin da ban gani ba?" in ji Dakta Christabel. "Saƙon ya fita ina ɗakin haihuwa."

"Ke kika nemi a kawo ta, likita," in ji Mista Toma.

"Ku kuka amince, Shugaba."

Wata daga cikin 'yan kwamitin ta ce su gwaji suka amince da shi, ba su amince a riƙa ba mutane izinin azumi ba. Mista Toma ya buga tebur da biro.

"Kun gani ko? Kowa yana da inda zai fake. A kashe ta yau, kowa ya huta."

"Shugaba, in kun kashe ta, ni kuka kashe," in ji likita. "Ita ce ta nuna mini jinin wata mai ciki yana hawa a hankali, abin da ya wuce ni saboda yawan mutane. Yau matar tana goye da ɗanta. Ba ita kaɗai ba ce. Kuskuren jiya babba ne, ban musa ba, amma ni kaɗai ce a nan, idona biyu ne."

Malam ya gyara zama, ya yi salati a hankali kamar yadda yake yi kafin ya buɗe karatu.

"A fanninmu," ya ce, "idan aka kawo magana aka jingina ta ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba daɗinta ake fara dubawa ba. Tambaya ta farko ita ce, wa ya faɗa? Shi kuma daga wa ya ji? Haka ake bin mutanen ɗaya bayan ɗaya, a san sunan kowa, da garinsa, da ƙarfin haddarsa, da ko an taɓa kama shi da ƙarya. In aka tarar a tsakiya da wanda ba a san ko wane ne ba, sai a jingine maganar ko da ta yi kama da gaskiya, domin babu wanda za a je a tambaya. Saƙon da ya shigo gidana jiya ba shi da mai faɗa, ba shi da wanda aka faɗa wa. 'An duba,' in ji shi. Wa ya duba?"

Ya juya wajen Mista Toma, ya ci gaba.

"Ni ban ce a kashe ta ba. Ɗalibi mai kaifin hadda ba a korarsa daga makaranta. Amma ba a barinsa ya zauna a bakin ƙofa yana ba da fatawa, malaminsa yana ciki bai sani ba."

"To me kake so a yi?" in ji Mista Toma.

"Ta duba, ta lissafa, ta nuna wa likita abin da ta hango. Tunatar da lokacin magani ma ta ci gaba da shi. Amma duk maganar da mutum zai ɗora ransa a kai, a ci ko kada a ci, a ƙara allura ko a rage, kada ta fita sai likita ta gani ta yarda. Saƙon kuma ya faɗi sunan likitar, ya faɗi sunan marar lafiyar."

"Baba, zai rage sauri sosai," in ji Kayode.

"Zai rage."

"Aikina kuma zai ƙaru," in ji likita.

"Zai ƙaru, 'yata. Ba zan ɓoye miki ba."

Likita ta juya biro a hannu. Can ta ce ta yarda, ta fi son ta ƙara awa tana dubawa a kan a yi magana da sunan asibitinta ba da saninta ba.

Malam ya ɗauka an gama, sai Mista Toma ya nuna shi da biro. "Akwai saura, kuma kai ta shafa. Ka san ciwon kowa a Ƙofar Dumi. Na san bakinka da nauyi, amma wa ya ba ka izini?"

"Ai su suka ba da lambar, Shugaba."

"Sun ba da ita don a kira su, ba don a karanta maka abin da ke cikinsu ba. Dole a tambayi kowa, ya yarda sirrinsa ya bi ta wayarka ko bai yarda ba."

Malam ya sunkuyar da kai ya yi nazari. "Ka yi gaskiya. Wannan ban hango shi ba. Allah Ya saka da alheri."

Aka tsayar da cewa na'urar za ta yi shiru har sai Kayode ya raba kowa da sunansa da katinsa, kuma duk wanda saƙon azumi ya je wa a neme shi a yi masa bayani baki da baki. Mista Toma ya ƙara da cewa ranar da ta sake yin magana ba da izini ba, shi da kansa zai zo ya zare mata wuta. Dakta Christabel ta ɗauki jakarta.

"Da Mama zan fara. Kuma ba ta waya ba."

Keke ya sauke su a bakin lungu, suka ƙarasa da ƙafa suna kauce wa babura. Da Hajiya Tabawa ta ga likita ta shigo da sallama, sai ta tashi ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta sa aka kawo ruwa, sannan ta harari ƙanenta.

"Likita a gidanmu? Badaru, ƙarata ka kai ke nan."

Dakta Christabel ta cire takalmi ta zauna kusa da ita, ta kama hannunta.

"Mama, haƙuri na zo ba ki. Saƙon jiya daga asibitinmu ya fito, kuskure ne, laifin kuma namu ne. Na shiga ɗakin gwaji da ƙafata na nemo naki. Wancan na Ɗanlarai ne. Ke naki, ƙodar ta ƙara gajiya a kan bara."

"Ɗanlarai," in ji Hajiya. "Ƙaton banza. Lafiyar ma sai da ya haɗa da tawa ya cinye."

Likita ta ciro ɗan abin gwajin suga, ta soki kan yatsanta, ta nuna mata abin da ya fito. Hajiya ta dube shi kamar mai duban gyaɗar da aka tsawwala wa kuɗi.

"To, rabin wata."

"A'a, Mama."

"Goman ƙarshe."

"A'a."

"Ranakun Juma'a kaɗai. Wannan kam ko yaro yana yi."

"Mama, ba a kasuwar Wunti muke ba."

Hajiya ta yi 'yar dariya, dariyar kuma ta tsaya a hanya. Da ta sake magana, muryarta ta yi ƙasa.

"Ke kin san abin da kike hana ni? Gida kowa ya tashi sahur, ni ina kwance kamar baƙuwa. Shekaruna sun ja, 'yar nan. Ban sani ba ko zan ga wani."

Malam ya kawar da kai yana duban bango.

"Na sani, Mama," in ji likita. "Mu ma muna da namu azumin. Kakata da aka hana ta, ta yi kwanaki ba ta yi wa kowa magana a gida ba. Amma in kika yi na bana, ina tsoron ba za ki ga Salla ba. Ni kuwa ina so in zo nan cin tuwon Salla."

Hajiya ta juya wajen ƙanenta. "Badaru, kai ne malami. Maganar likitar da ba Musulma ba tana ɗauke wa mutum azumi?"

"Abin da ake nema ga likita a nan ƙwarewa ne da gaskiya, Yaya. Kin daɗe a hannunta. Ta taɓa yi miki ƙarya?"

"Ta taɓa ce mini allura ba zafi."

"Ban da wannan."

"Ban da wannan babu."

Ta murza bakin mayafinta. Sannan ta dubi likita ido cikin ido.

"Gobe ƙiyama in aka tambaye ni, Tabawa, ina azuminki na shekara kaza, wa zan ce ya hana ni?"

"Ki ce Christabel ce."

"Christabel ai da yawa. 'Yar wa?"

"Christabel John, ta Bogoro."

"Zan nuna ki fa. Da yatsa, a gaban jama'a."

"Ki nuna ni, Mama. Zan ce ni ce."

"To na riƙe," in ji Hajiya, ta saki ajiyar zuciya mai tsawo. "Ita waccan mai daɗin baki a waya, ko 'yar gidan wa ce, oho. Ranar ina zan gan ta?" Ta ɗaga murya ta ce a ɗebo wa likita dabino a leda, kada ta koma hannu wofi.

A yammacin nan aka ga wata. Washegari da hantsi Malam yana zaure yana tilawa, maƙogwaro ya fara sanin an shiga azumi, sai aka ce Hajiya tana kira. Ya same ta a ƙofar ɗakinta ta miƙe ƙafa, ga kofin shayi ba suga yana tururi, ga ƙosai mai zafi a kwano.

"Zauna."

"Yaya, ina azumi."

"Na sani. Kai ka kai ƙara, kai za ka zama shaida. Kada ka je ka ce wa likita ina yi a ɓoye."

Ya zauna. Ta yi bisimilla da ƙarfi yadda har maƙwabta za su ji, ta ɗauki ƙosai ɗaya, ta raba shi biyu, ta tsaya tana yaba yadda cikinsa ya soyu. Ƙamshi ya cika tsakar gidan. Ta ci a hankali, ta kurɓi shayi, ta lumshe ido, ta sake ɗaukar wani. Malam yana zaune ya harɗe hannuwa, yana haɗiyar yawu, yana yi wa Allah godiya a zuci.

Da ta gama ta yi hamdala, ta ture kwanon gefe.

"Ka iya tafiya," ta ce. "Gobe ma war haka. Har Salla."